Ranar da Kwamfutar Akawu Ta Yi Shiru

A layinmu akwai wata mata da kowa ke kira Yaya Kwastan. Ba ta taɓa aiki a kan iyaka ba, ba ta kuma taɓa sa kaki ba. Halinta ne ya jawo mata sunan. Babu jaka ko ledar da za ta shiga gidansu ba ta leƙa cikinta ba. Ɗakinta ne na farko in ka shigo, kujerarta kuma kullum tana bakin ƙofa. In aka kawo magani sai ta duba ko an taɓa murfin. In mai gyaran famfo ya zo, tana tsaye a kansa har ya gama, sannan ta ce ya nuna mata tsohon ƙarfen da ya cire. Ni maƙwabcinsu ne, katanga ɗaya ta raba mu, kuma na sha ganin baƙo ya shiga gidan da fara'a ya fito yana tambayar kansa ko ya ɗauki wani abu bai sani ba.

Dole in faɗi gaskiya, ba muguwa ba ce. Shekara ashirin da biyu ta yi tana kula da sito a wani asibiti, ta ga yadda ake cire sabon kaya a sa tsoho a cikin kwali ɗaya, a manne bakin kamar ba a taɓa ba. Ita ce kuma ta raini ƙaninta bayan rasuwar iyayensu, ta hana kanta ta ba shi har ya zama mutum. Matsalarta zargi, kuma zargin nata ba ya tafiya da tambaya. A wurinta, in ka tambayi mutum ka ba shi lokacin shirya ƙarya ne kawai. Don haka sai ta zura ido, ta tara abin da ta gani, ta yanke hukunci ita kaɗai.

Ƙanin nata shi ake kira Akawu. Shekara goma sha tara yana buga wasiƙu a wani kamfanin jigilar kaya. Yatsunsa sun san madannai kamar yadda ƙafa ta san hanyar gida. Sai ciwon ido ya kama shi, ya fara cin ganinsa daga gefe yana matsowa tsakiya, har ya kai ba ya ganin komai sai haske da inuwa. Bugawa bai gagare shi ba. Abin da ya gagare shi shi ne karanta saƙon da ya shigo, da duba kuskuren abin da ya buga.

Kamfanin ya ba shi hutun mako shida, da takarda mai sharaɗi. Ranar Alhamis ta makon ƙarshe kwamiti zai zauna, har da wakiliya daga hedkwata. Zai karanta saƙo, ya buga amsa, ya gyara kuskure, duk a gabansu. In ya iya, teburinsa nasa ne. In bai iya ba, za a yi masa ritaya saboda rashin lafiya. Sun kuma ce su ba su da na'urar da za ta taimaka masa, in yana da ita ya zo da abarsa. Mutumin nan shekararsa arba'in da huɗu, kuma ba albashin kaɗai yake tsoron rasawa ba. Ya taɓa ce mini, in ya daina fita da safe bai san ko shi wane ne ba.

Matarsa malamar makaranta ce. Ta yi ƙoƙarinta ta sayo masa ƙaramar kwamfutar tafi-da-gidanka, irin mai arahar nan da ake saya wa ɗalibai. Ta kuma kira ƙaninta, wanda kowa ke ce wa Injiniya saboda sana'arsa ita ce haɗa kwamfutoci a makarantu da ofisoshi. Ya zo da yamma da jakarsa, Yaya Kwastan ta leƙa cikinta kamar yadda ta saba. Ta ga filash guda huɗu, 'yan ƙananan ma'ajiyar bayanan kwamfuta, kowanne an ɗaura masa zare mai launi daban, ta ga sukundireba, ta kuma ga ƙaramin tawul. Tawul ɗin ne ya tsaya mata a rai.

Injiniya ya zauna a falo kusa da mijin yayarsa, ya kunna kwamfutar, ya ɗan taɓa ta, ya girgiza kai.

"Yaya, babbar manhajar da ta zo da ita ta fi ƙarfinta," ya ce wa Akawu. "Ita ce ke tafiyar da komai a ciki. In muka ɗora mata mai karanta rubutu a kan wannan, za ka danna harafi yau ta faɗa maka gobe."

Akawu ya yi dariya. "To me za a yi? Ni ba ni da gobe da yawa."

"Za mu sauya ta. Akwai wadda ake kira Linux, kyauta ce, kuma iri-iri ce. Wata mai nauyi, wata mara nauyi. Wata ta san sifikar irin wannan kwamfutar, wata ba ta sani ba. Na zo da huɗu. Ba za mu sa ko ɗaya ba sai mun gwada ta daga filash tukuna."

Daga bakin ƙofa Yaya Kwastan ta ce, "Kyauta? Wa ya ba da?"

"Mutane ne da yawa a duniya suka haɗu suka rubuta, Yaya. A buɗe take, duk wanda ya iya zai duba yadda aka yi ta."

"Mutane suka bar aikinsu suka zauna suka yi maka abu kyauta. Allah sarki, mutanen kirki." Ta gyara zama.

Daga nan ta ga abin da ya tayar mata da hankali. Injiniya ya sa filash na farko, ya jira kwamfutar ta tashi, sai ya ɗauko tawul ya rufe allon ruf. Ya sa abin ji a kunne ɗaya, ya ba Akawu ɗayan, ya ci gaba da danne-danne a ƙarƙashin rufaffen allo. Can ya yi tsaki ya cire filash ɗin, ya sa mai jan zare, ya sake rufewa. Wannan kafin ya rufe ta hango allon, ta ga hoton wani tsauni da ruwa mai kyau kamar a kalanda. Bai daɗe a kansa ba ya cire shi ma. Kwana uku yana zuwa yana wannan aikin, kuma ko sau ɗaya bai yi aiki allo a buɗe ba.

A rana ta uku ta kira ni ta kan katanga, ina shayar da shuka.

"Maƙwabci, kai da ka yi karatu. In mutum yana aikin gaskiya, me zai sa ya rufe abin da yake yi?"

Na ce ban sani ba, don a lokacin ni ma ban sani ba. Na ce, "Ki tambaye shi mana, Yaya."

"In tambaye shi? Ai amsa na nan a aljihunsa tun kafin ya shigo. Yaron nan ya ga ƙanina ba ya..." Ta tsaya. Kalmar nan ba ta taɓa fita daga bakinta ba, kuma ba ta yarda wani ya faɗe ta a gabanta. "Ya ga idonsa na damunsa, shi ya sa yake abin da ya ga dama. Ni kuma nawa idon lafiya lau."

Na yi dariya na ci gaba da ban ruwana. Har yau ina jin haushin kaina da wannan dariyar, don da na leƙa na gaya wa matar Akawu da labarin ya sauya.

A rana ta huɗu Injiniya ya ce zai tafi da kwamfutar gida na kwana biyu. Kafin ya zo ɗauka, Yaya Kwastan ta yi dabararta ta zamanin sito. Ta juya bayan kwamfutar, ta ɗiga jan farce ɗan mitsitsi a kan ƙusa ɗaya, ta bari ya bushe. Da aka dawo da ita, kafin kowa ya taɓa, ta kai ta bakin taga ta duba. Jan farcen ya tsage, alamar an kwance ƙusar. Ta kunna ta. Babu tsauni, babu ruwa, babu ko fure. Allo ne mai ruwan toka da 'yan rubutu, sai wata murya da ta fara magana ta hanci, da sauri, kamar mai sanarwa a tasha.

A ranta lissafi ya cika. An rufe allo, an tafi da kaya, an buɗe ciki, an dawo da shi tsirara. Mai kyan da ta hango an hana ƙaninta, an ba shi na banza wanda ba a saya. Ta tabbata an cire wani abu mai daraja a ciki an kai wa wani ofis.

Shi kuwa Akawu kamar an sake haihuwarsa. Tun da safe nake jin muryar nan ta kan katanga tana karanto masa haruffa, shi kuma yana amsa mata kamar abokiyar hira. Mako na farko yana ta faɗa da ita. Mako na biyu ya ƙara mata sauri har ni ban iya gane me take cewa. A mako na uku matarsa tana aiko masa da saƙo daga makaranta cike da kurakurai da gangan, yana kamo su ɗaya bayan ɗaya yana mayar mata da tsokana. Wata rana na ji ya ce wa yayarsa, "Yaya, zo ki ji, ta ma iya faɗin sunana." Ta ce, "Uhm, Allah ya sa alheri." Farin cikinsa bai sauya mata ra'ayi ba. Cewa take a ranta, ai wanda aka cuta bai sani ba shi ya fi kowa murna.

Ranar Laraba, saura kwana ɗaya, Akawu yana da ganin likita da ƙarfe goma. Matarsa ta nemi izini a makaranta ta raka shi. Suna fita, Yaya Kwastan ta ɗauki kwamfutar ta sa a jakarta, ta hau bas zuwa kasuwar kayan lantarki. Ta wuce shaguna uku don ba ta yarda da fuskokin masu su ba. A na huɗu ta ga kwamfuta a kan kanta tana nuna tsaunin nan da ruwan nan, sai ta tsaya. Wurin ba a jin magana sai an ɗaga murya. Mai sayar da sifiku a gefe yana gwada kayansa, janareta yana ruri a baya.

"Buɗe mini bayan wannan, a gabana," ta ce wa mai shagon.

Ya kwance ƙusoshin ya duba. "Hajiya, an taɓa buɗe ta. Wannan ƙwaƙwalwar ba ita ta zo da ita ba, an sauya. Wannan ɗin ma ai..."

"Na sani," ta katse shi. "Rufe. Abin da nake so in ji ke nan."

Ya ɗaga kafaɗa ya rufe. Da ya kunna ya ga allon mai ruwan toka, ya ɗan yi murmushi. "Wanda ya sa wannan ya san abin da yake yi. Wa ke amfani da ita?"

"Ƙanina. Akawu ne a kamfani."

"Ba shi da wata buƙata ta daban? Don na ga kamar an kunna..."

A nan ta yi kuskuren da ya fi duka. Ta dube shi, ta ce a ranta, in wannan ya san mai ita ba ya gani, ai shi ma sai ya yi nasa rabon. Ta ce, "Buƙatarsa ita ce abu mai kyau irin na mutane. Ka goge wannan, ka sa masa irin wancan."

"Wancan zai yi mata nauyi fa. Kuma shi ma kyauta ne, gidansu ɗaya da wannan. Aikin hannuna kawai za ki biya."

"Kai ma ka fara? Za ka sa ko in je gaba?"

"Akwai abin da za a ajiye a ciki?"

"Goge duka. Ban san me aka ɓoye a ciki ba."

Mai shago ya yi abin da aka ce. Ta tsaya a kansa har ya gama, ba ta ko zauna ba. Tsaunin ya bayyana, ruwan yana sheƙi. Ta sa ya buɗe wurin rubutu, ya ɗauki lokaci kafin ya buɗu, ya buga mata layi ɗaya ta gani da idonta. Ba ta tambayi murya ba. Ta ɗauka muryar a jikin kwamfutar take, kamar rediyo, ko me aka sa mata za ta yi magana. Kuma a cikin hayaniyar nan babu wanda zai lura cewa wani abu ya yi shiru. Ta biya shi ta fito, zuciyarta wasai.

Akawu ya dawo da ciwon kai saboda maganin da aka ɗiga masa. Injiniya ya bugo waya ya ce kada ya taɓa komai yau, ya shirya tsaf, ya huta kawai. Da Akawu ya nemi kwamfutar don a sa mata caji, yayarsa ta ce tana ɗakinta, soket ɗinta ya fi kamawa. Ba ta gaya wa kowa ba. Shirinta shi ne, in ya ci jarrabawar da abu mai kyau, sai ta tara su a falo ta juya bayan kwamfutar ta nuna musu ƙusar, ta ga ta bakin Injiniya.

Da safe matarsa ba ta samu izini karo na biyu ba, don haka Yaya ce ta riƙe hannunsa zuwa kamfanin. Ya sa rigarsa mai ruwan bula da aka goge tun jiya. A hanya yana ta maimaita madannan da zai danna, yana motsa yatsu a kan cinyarsa. Aka shigar da su wani ɗaki mai dogon tebur. Mutum uku ne a zaune: manajansa, da likitan kamfani, da wakiliyar hedkwata, wadda ta ce tun farko motarta za ta tashi da sha biyu. Aka ba Yaya kujera a bakin ƙofa.

Akawu ya buɗe kwamfutar, ya laluba ya danna maɓallin kunnawa, ya ɗan karkatar da kai yana saurare. Ya jira. Ya ƙara jira.

"Ku yi haƙuri," ya ce. "Ba ta kunnu ba."

"Ta kunnu ai," in ji manaja. "Ga hoto nan mai kyau."

"Hoto?"

Ya danna madannan da ke tayar da murya. Shiru. Ya ƙara sauti har ƙarshe. Shiru. Ya ciro abin ji daga aljihu ya jona, ya sa a kunne, ya sake dannawa. Ya kashe ta ya kunna, ta ɗauki minti uku kafin ta tashi, kuma ta tashi bakinta a rufe. A bakin ƙofa, ko a lokacin abin da ya fara zuwa wa Yaya Kwastan shi ne, mai shagon nan ya cuce ta.

Manajan mutumin kirki ne, sun daɗe tare. Ya kira Injiniya da wayarsa. Injiniya yana can ɗaya ƙarshen gari yana haɗa wa wata makaranta kwamfutoci, ya ce ga shi nan, a roƙi su jira. Wakiliyar ta dubi agogo ta ce za ta ba da minti arba'in. Suka zauna. Ba abin da ake ji sai fanka.

Da lokaci ya kusa cika, Akawu ya ce, "Ranki ya daɗe, bari in buga wasiƙar ko babu murya. Shekara goma sha tara nake wannan aikin. Manaja, buɗe mini wurin rubutu."

Manaja ya buɗe masa, ya koma kujerarsa, ya karanto saƙon. Akawu ya gyara zama ya fara. Likitan da kansa ya ba da labari daga baya cewa bai taɓa ganin yatsu masu sauri haka ba. Ya buga gaisuwa, ya buga amsa sakin layi uku, ya rufe da ban girma, ya ɗaga hannu. Ya juya musu kwamfutar.

Manaja ya duba. A layin farko akwai kalma huɗu. Daga nan wani akwati ya buɗo a tsakiyar allo yana tambaya ko a sabunta manhaja, kuma duk abin da Akawu ya buga bayan haka bai shiga ko'ina ba. Da akwai murya da ta gaya masa tun a harafin farko.

"Lafiya dai?" in ji Akawu. "Akwai kuskure?"

Wakiliyar ce ta amsa, a hankali, don ita ma abin ya taɓa ta. "Malam, takardar babu komai. An gaya mana kana da na'urar da ke karanta maka. Ni abin da na gani shi zan rubuta, kuma ban ji ta ba." Ta sa hannu a takardarta, likita ya sa, manaja ya daɗe yana riƙe da biro kafin ya sa nasa.

Sha biyu da rabi Injiniya ya shigo da gudu, rigarsa sharkaf. Ya same su su biyu a kan benci a baranda. Bai tambayi komai ba, ya karɓi kwamfutar ya buɗe. Da ya ga tsaunin sai ya tsaya cak.

"Wa ya sa mata wannan? Ai shi ne mai jan zare, na biyu da muka gwada. Bai san sifikarta ba sam, shi ya sa muka bar shi."

Ya ciro filash mai koren zare ya sa, ya sake kunnawa. Ko minti biyu ba a yi ba muryar nan ta hanci ta tashi a barandar da babu kowa, tana sanar da cewa ta shirya. Akawu ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Jiya a ɗakinki ta kwana, Yaya."

Ta miƙe tsaye. Ko a nan ba ta sauka da sauƙi ba. Ta nuna Injiniya da yatsa. "Shi za ka tambaya! Ya buɗe cikinta, na sa alama na gani. Mai shago ma ya ce an sauya ƙwaƙwalwarta."

"Na sauya," in ji Injiniya. "Tata ƙarama ce, muryar tana sarƙewa. Na cire ta kwamfutata na sa masa, ta ninka tasa biyu. Tasa tana gida a cikin ambulan, da sunansa a jiki."

"To tawul ɗin fa? Me kake ɓoyewa?"

Akawu ne ya amsa, bai ɗago ba. "Ba ke yake ɓoye wa ba. Kansa yake ɓoye wa. Ya ce in yana kallon allo zai yaudari kansa, zai ga kamar abu yana aiki alhali ni ba zan iya ba. Shi ya sa yake rufewa ya yi aiki da kunne kamar ni. Tun ranar farko ya gaya mini." Sannan ya ce, "Ɗaki ɗaya ne tsakaninmu, Yaya. Ko shi ba ki yarda da shi ba, ni fa? Ke kika duba ta da ido, ni ne zan yi aiki da ita da kunne. Kin gaya wa mai shagon ni makaho ne?"

Wannan ne karo na farko da aka faɗi kalmar a gabanta ba ta yi faɗa ba. Ta koma ta zauna a kan bencin, ta rufe fuska da mayafinta, ta yi kukan da ba ta yi ba tun rasuwar mahaifiyarsu. Kwamfutar tana kan cinyar Injiniya, tana ta maimaita cewa ta shirya.

An rubuta takardar roƙo har sau biyu. Akawu da kansa ya buga su, babu kuskure ko ɗaya. Hedkwata ta amsa cewa kwamiti ya riga ya zauna, kuma an ba wani teburin. Yanzu yana gida yana buga wa mutanen unguwa takardu, wata rana a samu wata rana babu. Ina jin muryar ta kan katanga kullum da safe, daidai lokacin da a da yake fita. Bai taɓa yi wa yayarsa gori ba, yana gaishe ta kamar da. Abu ɗaya ne ya sauya: in zai fita, ko masallaci ne, sai ya sa kwamfutar a durowa ya kulle ya jefa makullin a aljihu. Tana jin ƙarar makullin daga kujerarta ta bakin ƙofa, kuma ta san da wa ake.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, zargin da ba a bi shi da tambaya ba yana cutar da wanda ake son karewa kafin ya taɓa wanda ake zargi. Yin hattara abu ne mai kyau, amma in ka ga abin da ba ka gane ba, ka buɗe baki ka tambaya, ka kuma saurari amsar har ƙarshe. Kada ka raina abu don kyauta ne ko don ba shi da ado, kada kuma ka zaɓi kayan aiki don ya burge idonka. Ka gwada shi a kan na'urar da zai zauna, ta hanyar da mai shi zai yi amfani da shi, kafin ka goge abin da ke aiki. Kuma duk son da kake yi wa mutum, kada ka yanke hukunci a kan abin da rayuwarsa ta rataya a kai ba tare da ka ji ta bakinsa ba.